Ranar da Inji Ya Mace wa Baudilia

Tun da na dawo gida daga karatu a Bogota, can saman duwatsu inda ruwa bai san janyewa da cikowa ba, zuciyata ba ta kwanta da injin jirgi ba. Sa'ad da nake ƙarami, da filafili matan ƙauyenmu na El Firme, da ke bakin teku, suke shiga kurmin taɓo, kuma ba wadda take wuce inda ƙarfin damtsenta zai dawo da ita. Yanzu inji yakan kwashe su ya kai su lungunan da iyayensu ba su taɓa takawa ba, ya zube su, ya juyo. A ganina mun rataya rayukan iyayenmu mata a jikin wani siririn tiyo na roba wanda bai fi ɗan yatsa kauri ba. Ban ce na daina wannan tunani ba. Amma na sha zama da Baudilia Ocoro a bakin tsanin ɗakinta, wanda ke bisa dirkoki saboda ruwa, kuma ga labarinta yadda ita da waɗanda suka san ta suka ba ni.

Baudilia a cikin taɓo ta tashi. Tun ba ta gama famfara ba uwarta take tafiya da ita da yayarta Nemesia haƙar piyangwa, baƙar ƙumbar nan mai nama da ke ɓuya a gindin saiwoyi. Aikin yana nan yadda yake har yau. A jira ruwa ya janye, a shiga taɓo har cinya, a zura hannu har kafaɗa a cikin ramin da ido ba ya gani, a lalubo. Wani lokaci ƙumba ce, wani lokaci kuma kifi mai dafi ne yake jira. Yatsu biyu na hannun hagun Baudilia ba sa lanƙwasuwa saboda irin wannan gaisuwa. Ga kuma hehen, 'yan mitsi-mitsin ƙwarin da ke sauka a jikin mutum kamar an watsa masa barkono. Ba su da magani sai hayaƙi, shi ya sa kowace mace take da tsohon gwangwani mai mariƙin waya, ta cusa ɓawon kwakwa a ciki, ta hura, ta rataye a reshe kusa da kanta.

Injin jirgin Baudilia na mijinta ne, Plutarco. Shi yake jigilar matan, har wata safiya da ya tashi rabin jikinsa ya ƙi tashi tare da shi. Maza suka riƙa zuwa dubiya, suna gaishe shi suna satar kallon injin da ke jingine a kusurwa. Baudilia tana gani. Da dubiyar ta yi yawa, sai ta saɓa injin a kafaɗa, ta sauka tsani, ta ɗaura shi a gindin jirgi a kan idon kowa. Daga ranar masu dubiya suka ragu.

Plutarco ne ya koya mata, yana kwance a ragarsa. Harshensa ya yi nauyi, saboda haka bai ɓata magana ba. Ya ce inji abu uku yake ci: wuta, iska da mai. In ya mutu, kada ta zage shi, kada ta buge shi, ta tambaye shi wanne ya rasa. Takan kwance kafireto ta hau da shi sama a cikin kwanon tangaran kamar mai kai abinci, ya nuna da haɓa, ita kuma ta wanke ta mayar. Ba ta zama bakanikiya ba, ba ta kuma taɓa cewa ta zama ba. Abin da aka san ta da shi, ba ta gudu a ruwa, ba ta kuma makara. Matan suka saba da jin muryar injinta daidai lokacin da ruwa ya fara lasar idon sawu.

Nemesia ce kaɗai ba ta taɓa yabon tuƙin ƙanwarta ba. Ta tsufa, ta yi jiki, gwiwarta ta dama ta kumbura, amma ta ce ranar da ta daina shiga taɓo a kira masu waƙar makoki. Tana da tabon ƙuna daga wuyan hannu zuwa gwiwar hannu. Tana amarya ta same shi, ranar da jirgin maƙwabcinsu ya kama da wuta a bakin gaɓa ita kuma ta shiga ciro yara. Tun daga nan in ta ji warin fetur idonta yake fara neman inda wuta take. Ga shi matan sun saba hura gwangwanayensu tun a cikin jirgi, don ɓawon kwakwar ƙasarmu kullum da danshi, yana jinkirin kamawa, hehen kuwa ba sa jira. Baudilia ta yarda da haka, da sharaɗin a can gaban jirgi za a yi. Nemesia saboda gwiwarta a baya take zama, dab da tankin mai.

Ranar da nake son ba da labarinta ta faɗo a kwanakin babban ruwa, lokacin da wata ya cika. A irin kwanakin ruwa yakan janye ya tona wuraren da ba a cika gani ba, piyangwa ta samu, amma in ya tashi dawowa da gudu yake zuwa. Ana yayyafi tun asuba. Baudilia ta cika tanki, ta sassauta ɗan notin da ke saman murfinsa kamar kullum, ta tura shi ƙarƙashin benci, ta lulluɓe da buhu saboda ruwan sama.

Suna shiga lungu iska ta juyo da hayaƙi baya.

"Ke Transito," in ji Nemesia, "ƙwari za ki kora ko gasa mu za ki yi?"

Transito, wata doguwa da ba a cin ta da baki, ta ɗago daga hura wuta. "Haba Inna, wa zai gasa ki? Itacen ƙauyen nan duka ba zai isa ba."

Jirgi ya ɗauki dariya.

"Ki yi dariya, 'yar nema. Kin taɓa ganin mutum yana ci da wuta a tsakiyar ruwa?"

"Yaya, ki bar su," Baudilia ta ce, tana tsaye, idonta a kan hanya. "Tsawon jirgi guda ne tsakaninki da su."

Nemesia ta yi ƙwafa, ta sunkuya tana gyara wani abu wajen ƙafafunta.

Baudilia ta sauke su Transito a tsohon kurmi, inda saiwoyi suka fi mutum tsawo. Yayarta kuwa ta kai ta can ciki, wani fegin taɓo da itatuwansa ba su girma ba. Wurin yana da sauƙin tafiya ga mai ciwon gwiwa, ba hawa ba tsallake. Aibinsa ɗaya, in ruwa ya zo babu abin hawa.

"Ke zan fara ɗauka, Yaya."

"Haka kika ce wancan makon, kika fara ɗauko doguwar can."

"Wancan makon ƙaramin ruwa ne."

"To yau in kin makara, ki taho da kyandir ɗin makoki."

Baudilia ta fito da jirgi kafin lungun ya ƙafe, ta yi tafiya mai nisa zuwa bakin babban rafi inda ruwa ba ya ƙarewa. Tana shirin kashe injin ya yi ɗan tari sau ɗaya. Ta ɗauka ciyawa ce ta naɗe farfela, ta ɗaga ta duba, ba komai. Ta ɗaure jirgi, ta jefa ƙugiya, ta ci dafaffiyar ayaba da busasshen kifi, ta kora da ruwan mazarƙwaila.

Ba ta da agogo. Ganyayen da ke yawo a saman ruwa take kallo. Da suka tsaya cak, suka yi juyi a hankali suka fuskanci kurmi, sai ta naɗe zarenta ta ja igiya. Inji ya tashi a ja ɗaya. Ta kama hanya.

Ba ta yi nisa ba muryarsa ta siranta. Ya ɗan zabura kamar zai ƙara gudu, sannan ya riƙa ja da baya kamar mai magana barci yana ɗaukarsa, ya yi shiru.

Baudilia ba ta firgita ba, don mutuwar ma ta gaya mata wani abu. Injin da ya rasa wuta lokaci guda yake yankewa. Wanda ya zabura sannan ya langaɓe, yunwa ce. Ta matsa 'yar ƙwallon robar da ke tsakiyar tiyo, wadda ake tura mai da ita, ta ja igiya. Ya tashi, ya yi tafiyar da ba ta kai ta farko ba, ya sake macewa. Ruwa kuwa ya fara jan jirgin zuwa wani reshen rafin da ba nata ba. Ta cafki saiwa ta ɗaure.

"Matar Plutarco! Hutawa ake yi?"

Tsoho Aristarco ne, masunci, a cikin ɗan kwalekwalensa wanda bai fi akushi ba, ya rufe kai da leda.

"Baba, inji ne ya ƙi."

"Fulogi ne."

"Ba fulogi ba ne."

"Ni na gaya miki fulogi ne. Kullum fulogi ne. Ciro shi ki kankare da wuƙa."

"Kai da ko injin niƙa ba ka taɓa mallaka ba?"

"Shi ya sa bai taɓa mace mini ba," in ji tsoho, yana shafa filafilinsa.

Ta so ta yi dariya, amma idonta ya faɗa kan saiwar da ta ɗaure jirgi. Inda ta ƙulla igiyar ɗazu da tazara tsakaninsa da ruwa. Yanzu ruwa yana taɓa ƙullin.

"Baba, Yaya tana fegin ƙananan itatuwa."

Fuskar tsoho ta canza. "Yau? A babban ruwa? Ita kaɗai?"

"Ni na kai ta. Ka kama hanya yanzu, ruwa zai tura ka. In na wuce ka, ka yi mini dariya gobe. In ban wuce ka ba, kai ne injin."

"Kwalekwalen nan ko rabin Nemesia ba zai ɗauka ba."

"Ta riƙe gefensa."

Tsoho ya tsoma filafili. Su biyun sun san hannun tsoho ba zai riga ruwan ba, amma gara a tafi da a zauna.

Baudilia ta durƙusa. Su Transito ba su dame ta ba, za su haye saiwoyi su zauna suna zaginta. Nemesia ce. Ta san fegin nan kamar tafin hannunta, ta san yadda ruwa yake shigarsa ta baya ya yanke hanya kafin mutum ya ankara. Ta ture hoton daga ranta, don in hannu yana rawa noti yakan faɗa ruwa.

Ta fara daga inji ta yi baya, yadda Plutarco ya koya mata. Ta buɗe murfi, ta sassauta ɗan notin da ke gindin kafireto. Da akwai mai da ya tsiyayo. Ɗigo biyu ne suka fito, shi ke nan. To, yunwa ce, ba shakka. Ta dubi 'yar matatar mai: ba ruwa a ciki, ba datti, sai dai rabinta iska. Ta cire bakin tiyo daga jikin inji ta sake makala shi har ya ce ƙas. Ta bi tiyon da yatsa ko kwando ya danne shi, ko ya tsage yana shan iska. Lafiyarsa lau. Ta tura tanki da ƙafa, ta ji nauyinsa, ta ji mai yana motsi. Mai yana nan, ga inji yana mutuwa da yunwa.

Sai ta kai hannu ga ƙwallon robar, ta tarar tana nan a lotse tun matsawar ɗazu, ba ta kumburo ba. Ta tsaya tana kallonta. In ƙwallo ta ƙi cika, abin da ya toshe yana bayanta ne, wajen tanki. Zuciyarta ta tafi kan man da ta saya a bakin kasuwa, daga tsohuwar ganga mai tsatsa a gindi. In rariyar cikin tanki ce ta toshe, sai an kwance kan tankin, a cikin yayyafi, da wuƙa da filaya, kuma ba ta da wannan lokacin. Ƙofar iska, wato ɗan notin nan na saman murfin tanki, ba ta zo mata a rai ba ko kaɗan. Da hannunta ta buɗe ta da asuba, kuma a tsawon shekarun da ta yi tana tuƙi ba wanda ya taɓa taɓa tankinta.

Ta jawo shi daga ƙarƙashin benci, ta yaye buhun.

Jan tankin robar ya shafe, gefunansa sun lotsa ciki kamar cikin akuyar da ta kwana ba ta ci ba. An lulluɓe murfinsa da leda, an ɗaure da tsinken ƙyalle mai rawayan furanni. Baudilia ta san ƙyallen, bakin ɗankwalin Nemesia ne. Ta san ƙullin ma, irin wanda uwarsu take ɗaure bakin kwando da shi ne, wanda ba ya kwancewa sai da haƙori.

"Kai, Yaya!" ta ce da ƙarfi, ita kaɗai a tsakiyar ruwa.

Ta sa haƙori ta kwance. A ƙarƙashin ledar an murɗe ɗan notin tam, da ƙarfin mai tsoro. Yatsunta suna santsi, biyu kuma ba sa lanƙwasuwa. Ta naɗe shi da bakin siket ta murɗa, ya ƙi. Ta kama da filaya, a hankali kada robar ta karye. Ya motsa. Tanki ya ja doguwar iska, fiii, gefunansa suka buɗe da ƙara ɗaya bayan ɗaya. Ƙwallon robar ta kumburo da kanta. Ta matsa, ta matsa, har ta yi tauri. Ta ɗaure notin kafireto, ta rufe inji, ta ja igiya.

Ya yi tari, ya tashi. Ba ta fizge shi ba. Ta bar shi ya ƙoshi na ɗan lokaci tana sauraro, haƙoranta a cije. Da ta ji muryarsa ta cika, ta kwance igiya ta buɗe masa wuta. Waɗanda suka san ta sun ce ranar ce kaɗai ta yi gudu.

Ta tarar da Aristarco a tsakiyar hanya, ya jiƙe da gumi. Ya ɗaga filafili yana korar ta gaba.

"Wuce, wuce! Fulogin ne dai ko?"

"Shi ne, Baba!"

Fegin ya ɓace, ya zama tabki, sai kawunan ƙananan itatuwa. Baudilia ta rage wuta, ta miƙe tsaye tana kira. Can ta hango kwando yana tsaye a saman ruwa, a ƙarƙashinsa kai. Ruwa ya kai wa Nemesia ƙirji. Ta maƙale wani ɗan itace da hannu ɗaya, itacen ya ranƙwafa, ɗaya hannun kuma yana dafe da kwandon a ka.

"Ina kyandir ɗin?" in ji ta. 

"Miƙo hannu."

"Karɓi kwandon tukuna."

"Yaya, saki kwandon nan!"

"Ki karɓa na ce. Wuni guda nake tonon su."

Ta karɓa. Shigar da Nemesia cikin jirgi sai da ya zama kokawa, don taɓo ya riƙe ƙafar mai ciwo. Baudilia ta zura igiya a hammatarta, ta dafa ƙafa a gefen jirgi ta ja, takalmin roba ya zauna a ƙasa, mai shi ta faɗo ciki kamar buhun shinkafa. Ta kwanta tana haki. Da numfashi ya dawo sai baki ya dawo.

"Mai cewa ba ta makara. Da Plutarco ne..."

Baudilia ta ciro ƙyallen daga ƙugu ta ajiye mata a cinya.

Nemesia ta dube shi. "To? Ai taimakonki na yi. Ta ramin nan wari yake fita, ina ji da hancina, ga waccan tana ta hura wuta iska tana kawowa."

"Ta nan wari yake fita, ta nan kuma iska take shiga. In iska ba ta shiga ba mai ba ya fita. Hancinsa kika toshe."

"Tanki yana da hanci?"

"Ya fi naki aiki."

Nemesia ta shafa tabon hannunta. Ba ta ce ta yi kuskure ba, har yau ma ba ta ce ba. Ta dai jawo buhun ta yafa, ta ce a yi sauri, yaran mutane suna kan itace.

Suna kan itace kuwa, a jere a saman saiwoyi kamar balbelu, kwanduna a rataye.

"Sannu da zuwa, jirgin gobe!" Transito ta yi ihu. "Mun fara tunanin yin sheƙa."

"Tambayi Innarki," in ji Baudilia.

"Kada wadda ta tambaye ni komai," in ji Nemesia daga cikin buhu.

Da labari ya kai wa Plutarco, ya yi dariya da rabin fuskarsa mai motsi har da hawaye. Sannan ya ce tsohuwar ba ta yi ƙarya ba, warin da take ji shi ne yake kamawa da wuta. Baudilia ma ta riga ta kai nan a tunaninta. Daga ranar ta hana hura wuta a jirginta, gaba ko baya. Matan suka yi gunaguni, sannan suka koma shanya ɓawon kwakwa a saman murhu su ƙunso shi a leda, ya riƙa kamawa da ashana ɗaya a bakin taɓo. Ta kuma daina kai yayarta fegin ƙananan itatuwa a kwanakin babban ruwa, duk da zagin da ta sha a kan haka.

Murfin tanki kuwa ta damƙa shi a hannun Nemesia. Ita take buɗe ɗan notin da safe, ita take rufe shi da yamma in an hau da tanki ɗaki. Na bi su sau da yawa, na ji da kunnena. Kafin Baudilia ta ja igiya takan ce, "Yaya, hanci?" Tsohuwar kuma ta amsa ba tare da ta waiwayo ba, "A buɗe. Ki ja mu tafi, surutu."

Wata rana muna zaune a bakin tsani tana wanke matatar mai, na tambaye ta abin da ya daɗe yana damuna. Na ce duk cikin matan jirgin, me ya sa ta ba da murfin ga wadda ta taɓa toshe shi har ta kusa halaka kanta?

Ta hura matatar, ta ɗaga ta tana duba ta a haske.

"Wa kake so in ba? Transito? Shekara nawa suna hawa jirgin nan, ba wadda ta san akwai rami a murfin sai Yaya. Ita ko barci take yi tana tunaninsa. Abin da ya rage a nuna mata ta wane gefe ake murɗawa, kuma ruwa ya riga ni nuna mata."